Harshen Ƙararrawa

Kilo ɗari biyu da sha ɗaya.
Haka sikelina ya ce, shi kuwa ba ya ƙarya
sai in ni na taka shi.
Ƙarti huɗu suka sauke ta daga a-kori-kura
suna nishi, suna zagin juna,
ta kwanta a rumfata ta gwangwan a Ebute Meta
tsakanin mataccen janareta da ƙashin babur,
baki buɗe kamar saniyar da ta gaji.

Ba yau na san ta ba.
Ubana Mato ya yi gadin cocin Angilikan ɗin nan
shekara ashirin da bakwai,
butarsa a gindin katanga,
buzunsa a inuwar mangwaro.
In ta buga huɗu sai ya miƙe ya yi alwala,
ya ce: ladanin maƙwabta ne, ba ya makara.

Shi ya ba ni tarihin, da goro a kumatu,
yadda shi ma aka ba shi:
wai jikokin bayi da suka dawo daga Saliyo
su suka kafa shi da rufin ciyawa,
gobara ta lashe shi sau biyu.
Sai aka koma tubali.
Mata suka yi ta jido yashi a ka daga bakin ruwa,
kowane daro da waƙarsa.
Ita kuma ƙararrawar a jirgin ruwa ta zo,
ta yi wata uku a hannun kwastan
kafin a haɗa kuɗin fansarta kwabo-kwabo.

Ina yaro, ran Lahadi nakan leƙa ta taga,
ɗaurin kallabi ya cika wurin har ba ka ganin mai wa'azi.
Daga baya 'ya'ya suka haye gada, wasu suka haye teku.
Benci arba'in, mutum tara.
Iskar gishiri ta ci kwano,
jemagu suka karɓi limanci.

Wata safiya aka shafa jan fenti a bango.
Ranar Talata katafila ta zo.
Abin da aka gina a shekara goma sha ɗaya
bai kai ta daga azahar zuwa la'asar ba.
Yanzu ginshiƙin gadar sama ne tsaye a wurin bagade,
kwandasta na rataye a ƙofar danfo
yana kiran Oshodi, Oshodi.

Da yamma sai ga Iya Morenike da lema,
ta haura tamanin, tana taka ƙarafa a hankali.
Ba ta jin Hausa, Yarbancina na ciniki ne.
Ta shafa rubutun da ke wuyan tagullar
kamar mai duba zazzaɓin jika.
Ta nuna zobenta: an buga mata.
Ta nuna ƙasa: an buga wa mijinta.
Sannan ta ce, nawa?

Me zan ce? Na riga na biya.
Gobe motar masu narkarwa za ta zo daga Ikorodu,
kuma bashi ba ya jin ƙararrawa.

Na ɗauko sifana da baƙin mai.
Tsatsa ta yi gardama, na fi ta.
Na kwance harshen, kilo bakwai,
na naɗe a takardar siminti.
Ba ta iya ɗagawa ba; yarona Ilu ya kai mata bakin titi.
A littafi na soke, na rubuta ɗari biyu da huɗu.

Cikin dare ruwa ya sauko.
Ta inda rumfa ke yoyo
ɗigo ya riƙa samun ta a kafaɗa,
tana amsawa can ƙasa-ƙasa, ba harshe.
Ban duba agogo ba.
Hannuna ne kawai na ji yana laluben buta.